Shaidar da Na Yi wa Baba

Mahaifina malamin dabbobi ne, kuma Kirista. A garin Shagari, inda muka tashi, kowa ya san duka biyun. A rugage kuwa, inda ya ƙarar da ƙarfinsa, na farkon kawai aka sani, kuma ban taɓa zaton hakan zai zama abin magana ba sai da ya mutu.

Asalinmu ƙasar Zuru ne. Aiki ya kawo shi tun ban iya tafiya ba, ya zauna har bakinsa ya juye, in yana waya da 'yan'uwansa sai su riƙa yi masa dariya wai ya koma Basakkwace. Fillanci ma ya iya, irin na bakin garke, har da zagin da ake yi wa saniya mai taurin kai. Dogo ne, marar yawan magana, ga son shayi mai sukari kamar me. Ya yi ritaya da daɗewa, amma Fulani ba su san wannan zance ba. Da an kira shi an ce ga ciwon huhu ko na hanta ya shiga garke, sai ya ɗaure akwatin allurai a bayan babur ya kama hanya, Mama tana faɗa yana tafiya.

Yana da wata jakar fata da wani baduku ya ɗinka masa, irin gafakar da malamai ke saka Alƙur'ani. A ciki yake ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa, don na farkon da ya saya gumi da ruwan sama ne suka cinye shi a aljihu. Badukun bai san wani ɗinkin jakar littafi ba sai wannan, Baba kuma bai ga abin damuwa ba. In lokacin salla ya yi a ruga, mutane suka tashi alwala, sai ya ɗauki jakarsa ya koma gindin wata bishiya ya yi ta karatu har su idar. Malam suke ce masa, saboda aikinsa. Bakinsa kullum Allah ya kiyaye, in Allah ya yarda, kamar na kowane Kirista mai jin Hausa, tunda mu ma ba mu da wani sunan da muke kiran Ubangiji da shi. Sai daga baya na ji fassarar da suka yi wa keɓewar tasa. Sun ɗauka yana cikin malaman nan masu tsanani da ba sa bin kowane liman, sai dai su yi ibadarsu su kaɗai, har ƙarin girma suke ba shi a kan haka.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Boɗinga. Wata Laraba da hantsi, tsakiyar bazara, ina ɗakin malamai ina duba takardun jarrabawa, sai ga lambar Baba. Na ɗauka ina shirin tsokanarsa ko ya tuna yana da iyali, don kwana biyu ke nan da fitarsa. Murya ba tasa ba ce. Wani mutum ne, ya tambaya ko ni ne ɗan Malam, na ce ni ne.

"Sai haƙuri. Malam ya rasu jiya. Mun yi mai sutura."

Na ce sutura kamar yaya. Ya yi mini bayani a natse, irin na wanda ya tabbata ya yi abin kirki. Baba ya gama yi wa garken wani ardo allura a wata ruga can bayan Dandin Mahe, aka kawo masa fura, ya sha, ya jingina da bishiya, bai ƙara tashi ba. Wayarsa ta mutu babu caji, babu mota a kusa, hanyar kuma ba a binta in rana ta yi sanyi saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Ga zafi. Suka yi masa wanka, ardo ya fito da likkafanin da ya ajiye wa kansa, suka ɗauke shi a makara zuwa ƙauyen da ke kusa, liman ya sallace shi, aka binne shi a maƙabartar garin kafin la'asar. Da gari ya waye aka kawo wayar Dandin Mahe aka sa mata caji.

Ba zan ɓoye ba, zaginsa na yi. Ni mutum ne mai saurin hawa, Baba ya sha yi mini faɗa a kan haka. Mutumin ya saurare ni har na gama, ya ce Allah shi ba ni haƙuri, ya kashe waya. Har yau ban san ko shi wane ne ba, kuma ina jin kunyar abin.

Kafin azahar ina Shagari. Gida ya cika da matan zumuntar coci da sauran 'yan ikilisiyarmu da ba su taka kara sun karya ba: iyalan 'yan sanda, ma'aikatan asibiti, masu shagon magani da kayan babur, duk a ɗaki guda muke sujada ranar Lahadi. Mama tana zaune a ƙasa ba ta kuka. Da ta gan ni magana ɗaya ta yi, a je a kawo mata mijinta. Tana so a sa shi a akwati, a yi masa waƙa, a karanta masa Kalmar Allah, a kai shi maƙabartar Kirista a Sakkwato inda ita ma take sa ran kwanciya. Shekara arba'in da aure, ba ta ga fuskarsa ba, ba ta rufe masa ido ba. Fastonmu, dattijo ne mai kirki amma mai son a ga an tsaya a kan gaskiya a bainar jama'a, ya goyi bayanta. Ya ce Baba dattijon ikilisiya ne, bai kamata ya kwanta kamar wanda ba shi da kowa ba.

Ni kaɗai ne ban so ba. Na sha bin Baba rugage a lokacin hutu, na san abin da kwana biyu na bazara ke yi wa saniyar da ta faɗi. Babu wata fuska da Mama za ta gani. Abin da za a kawo mata a leda za a naɗo shi, mutane na toshe hanci. Na faɗa mata haka, da kalmomin da suka fi waɗannan laushi, ta dube ni ta ce ashe ba ni da zuciya. Na ce to, zan je in gani da idona tukuna.

Ranar Alhamis da safe na hau babur ni kaɗai. Ardon ya tare ni tun daga bakin hanya, tsoho ne siriri, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Shi ya gaya mini cewa gari ya riga ya ɗauki zafi. Da aka tattara kayan Baba, ba wanda ya taɓa jakar fatar, aka rataye ta a ɗakin mai gari. Jiya da yamma wani matashin malami, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ya yi alwala ya sauko da ita don ya yi wa mamacin karatu da Alƙur'aninsa. Yana buɗewa ya ga rubutun boko, ga gicciye a bango.

Ardo ya kai ni maƙabartar kafin mu shiga gari. Wani fili ne a bayan gonaki, babu katanga. Kabarin Baba yana gefe, ƙasar ba ta gama bushewa ba, an ɗora ƙaya a kai saboda karnuka. Ya nuna mini na kusa da shi ya ce na ƙanensa ne, na gaba kuma na mahaifiyarsu. Na tsaya ban san ko addu'ar me zan yi ba. Abin da na lura da shi kawai, an gyara wurin da kyau, wanda ya yi aikin bai yi shi da gaggawar a rabu ba.

A nan ya gaya mini cewa shi ya sani. Tun shekarun farko ya taɓa tambayar Baba me ya sa ba ya salla, Baba ya gaya masa kai tsaye shi mai bin Yesu Almasihu ne. Ardo bai faɗa wa kowa ba, don bai ga ta inda abin ya shafi shanunsa ba. Ranar Talata ma bai faɗa wa liman ba.

"Mi za ni yi, ɗana? In bar shi ga rana? Mutumen da yac ci abinci da ni shekara talatin?"

Na gane dai cewa in gaskiya ta fito, ba Baba kaɗai za a tono ba. Tsohon nan zai amsa tambayar yadda aka yi ya sa jama'a suka yi sahu suka sallaci wanda ya san ba Musulmi ba ne, shi kuma mutumin ruga ne, har yau baƙo a idon 'yan gari, da shanunsa da iyalinsa a fili.

A zauren mai gari aka zauna: mai gari, liman, matashin malamin, ardo, da dattawa kamar biyar. A waje samari sun fara taruwa, ba su da makami, tsayuwa kawai suka yi. Aka yi mini gaisuwar mutuwa yadda ta dace, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rage komai. Sannan mai gari ya ɗora jakar a kan tabarma a gabana ya faɗi abin da ke akwai. Ya ce su sun yi abin da suka yi don Allah, Malam mutuminsu ne. Amma in ba Musulmi ba ne, akwai masu cewa ba zai zauna a tsakiyar iyayensu ba, sai a fitar da shi yau. Shi kuma tsoronsa kada magana ta kai gari, masu son hura wuta su karɓe ta daga hannunsa. Matashin malamin bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ƙin mamaci yake yi ba, amma abin da ya karanta ke nan, kuma ba zai iya yin kamar bai gani ba.

Limamin tsoho ne ƙwarai, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce shi ba ya yanke wa mutum hukunci da abin da aka samu a jakarsa, ana ɗaukar littafi don dalilai da yawa, wani ma yakan bar abu ya ci gaba da yawo da shi don sabo. Ya ce ga ɗansa a zaune, a tambaye shi. Na gane sarai ƙofa ce yake buɗe mini, kuma ina jin shi ma ya san na gane.

"Yaro, ka ji tsoron Allah ka hwaɗa muna. Ubanka bisa mi yac cika?"

Zan iya cewa na yi dogon tunani, amma ƙarya ne. Ƙamshin ƙasar kabarin yana hancina, ina ganin ardo ya sunkuyar da kai, ina jin motsin ƙafafu a waje. Na ce, Allah shi gafarta malam, ya yi shahada kafin ya rasu. Ya tambaya ko a gabana. Na ce a gabana.

Zauren ya ɗauki hamdala. Matashin malamin ya taso ya kama hannuna biyu, idonsa ya kawo ruwa, yana roƙona gafara wai ya yi wa mahaifina mummunan zato. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Liman ya yi addu'a mai tsawo, na ɗaga hannu tare da su na shafa. Mai gari ya miƙo mini jakar yana murmushi, ya ce saura ni, kada in bar tsoho ya tafi shi kaɗai. Samarin waje suka watse, wasu har suna miƙo mini hannu.

Ardo ya raka ni har inda na ajiye babur. Na zaci zai yi mini godiya, don a ganina na fitar da shi daga rami. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Ni ban ce ka hwaɗi haka ba. Ubanka bai taɓa yi man ƙarya ba, ko kan saniya."

Ya juya ya tafi. Na hau babur raina a ɓace, ina ce wa kaina tsohon nan butulu ne. Sai da na wuce Dandin Mahe na tsaya a gefen hanya na yi kukan da ban yi ba tun ranar Laraba.

Labari ya riga ni isa Shagari, 'yan acaba sun kai shi. Na tarar da maƙwabtanmu Musulmi, mutanen da muka yi shekaru muna musayar abincin salla da na Kirsimeti, suna shiga wurin Mama suna haɗa mata ta'aziyya da barka. Da zuciya ɗaya suke yi, murna suke taya ta wai mijinta ya dace. Tana zaune tana amsawa da kai. Matan zumunta kuwa sun tattara tabarminsu sun koma gefe guda suna kallo.

Fasto ya kira ni a keɓe na gaya masa duk yadda aka yi. Ya ce ya fahimci tsorona, amma na yi musun bangaskiyar mahaifina a gaban mutane, dole in gyara a gaban mutane. In tashi ranar Lahadi in faɗa wa ikilisiya cewa ƙarya na yi. Na ce masa abin da aka faɗa a ɗakin sujada ranar Lahadi, Litinin yana kasuwa, Talata yana ƙauyen, Laraba an ɗauko fartanya da shebur. Ya ce gaskiya ba ta da ranar da ta fi dacewa. Na ce shi bai ga kabarin ba, bai kuma ga tsohon ba. Muka rabu ba daɗi, aka sa ni ƙarƙashin horo, na koma bencin baya, aka hana ni cin Jibin Ubangiji, gurasar da ake raba wa masu bi. Ban ce bai yi daidai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tunda ban tashi na ƙaryata ba, ba a yi wa Baba sujadar jana'iza ba. Aka yi gajeriyar addu'a a tsakar gida, ba waƙa, aka tashi.

Sai kuma 'yan "dama mun ga alama" suka fito. Mutanen da Baba ya yi wa awakinsu magani kyauta, waɗanda ya tsaya wa a wurin aure, su ne suka fara tuno cewa ai yakan yi Lahadi biyu bai zo sujada ba, ai abokansa duk Fulani ne, ai dubi irin jakar da yake yawo da ita. Wata mata da ko Farawa, sashen da ke farko-farko, ba ta iya nemowa a Littafi Mai Tsarki sai an nuna mata, ita ce ta fi kowa sanin abin da ke zuciyar mahaifina. Na so in fasa bakin wasu, amma da wane baki zan yi musu, ni da na fara faɗa?

Mama ba ta yi mini magana ba har mako guda. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwa, shi ke nan. Ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa, da safe tana tsince shinkafa a faifai, ta ce in zauna. Ban taɓa shakkar abin da za ta tambaya ba, na ma shirya amsa. Na gaya mata cewa ƙarya na yi wa liman, Baba bai taɓa yin wata shahada ba, na faɗa ne don kada a tono shi. Na rantse mata. Na zaci za ta yi fushi, ta zage ni, a wuce wurin.

Ba ta yi fushi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce rabin rayuwarsa a rugage ya yi ta, ita ba ta san abin da yake yi a can ba. Ta ce mutum yakan ɓoye wa matarsa abin da zai gaya wa ɗansa. Na ce Mama, kin fi kowa saninsa. Ta ce da haka take zato. A wannan safiya na gane abin da na ɗauke mata. Ba kabari ne damuwarta ba, ba akwati ba. Duk shekarun nan tana da tabbacin cewa in ta mutu za ta same shi a gaban Ubangiji, wuri guda za su. Wannan tabbacin na rusa mata, kuma rantsuwata ba ta isa ta mayar da shi ba, don ta san na riga na yi irinta a zauren mai gari.

Na yi ƙoƙari. Na nemi ardo ya zo ya gaya mata da bakinsa abin da Baba ya faɗa masa, aka ce sun tashi da shanunsu bayan damina, wasu sun ce Neja, wasu sun ce kudu. Fasto ya zauna da ita sau da yawa kafin a canza masa wurin aiki, amma shi ma abin da ya sani daga bakina ya ji shi.

Baba yana nan inda aka sa shi, ba wanda ya taɓa shi. Abin da na nema ke nan, na kuma samu. Mama yanzu tana wurina a Boɗinga, idonta ya yi rauni, ni nake karanta mata Zabura da safe kafin in tafi makaranta. Yawancin ranaku lafiya lau, ta yi amin, ta tambayi ko na karya. Amma wata ran ina cikin karatu sai ta ɗora hannunta a kan nawa in tsaya. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma zargina da komai.

"Ɗana, ba faɗa za ni yi ba. Ka hwaɗa man don in san inda za ni neme shi. Su kay yi ma ƙarya, ko ni?"

Nakan ce su na yi wa, Mama. Takan ce to, ta ɗauke hannunta, ta ce in ci gaba. Shekara shida ke nan, ba ta daina tambaya ba.